Malamin waye? Ƙa'idojin aikin masu koyar da 'yan sakandare darussan kwaleji a Amurka

Idan malamin kwaleji ya shiga ajin sakandare ya koyar da darasin kwaleji, dokar wa zai bi? Ta kwalejin da ta ɗauke shi aiki, ko ta makarantar da yake tsaye a cikin harabarta? Idan mahaifiyar ɗaliba ta kira shi tana neman sanin makin 'yarta mai shekara 16, zai faɗa mata ko zai ƙi? Idan shugaban makarantar ya ce a cire wani littafi daga manhaja, maganarsa umarni ce ko shawara?

Shekara ashirin da suka wuce waɗannan tambayoyi ba su dami mutane da yawa a Amurka ba, domin yaran da abin ya shafa kaɗan ne. Yanzu lissafi ya canza. Alƙaluman ma'aikatar ilimi ta tarayya sun nuna cewa a shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023, 'yan sakandare kusan miliyan biyu da rabi ne suka ɗauki darasin kwaleji. A kwalejojin al'umma, wato masu karatun shekara biyu, kusan ɗalibi ɗaya cikin kowane biyar bai gama sakandare ba. A jihohin Aidaho da Indiyana ma sun haura rabi. 'Yan siyasa na yaba tsarin, iyaye na sonsa saboda yana rage musu kuɗin jami'a, amma da wuya ka ji an yi maganar wanda ke riƙe da alli.

Mene ne rajista biyu?

Tsarin da ake kira rajista biyu shi ne yaro yana sakandare, galibi a aji na 11 ko na 12, daidai da SS2 da SS3 a Najeriya, sai a yi masa rajista a kwaleji ko jami'a a kan wani darasi, kamar rubutun Turanci ko lissafi ko tarihin Amurka. In ya ci, darasin zai shiga sakamakonsa na sakandare, kuma yunit ɗin, wato ma'aunin da kwaleji ke ƙirga nauyin darasi da shi, zai shiga takardar sakamakonsa ta kwaleji. Mai himma yana iya gama sakandare da yunit na shekara guda, wani ma da difloma ta shekara biyu a hannu.

Mutane kan rikita shi da darussan AP, wato darussa masu nauyin matakin jami'a da sakandare ke koyarwa da kanta. A can yaro yana karatu ne shekara guda sannan ya zauna jarrabawa ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, makin da ya samu daga 1 zuwa 5 shi jami'a za ta duba. A rajista biyu babu wannan jarrabawar. Makin da malamin aji ya bayar shi ne magana. Wanda ya san IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa zai ga kama, tunda nan ma ana neman tsallake shekarar farko ta jami'a, sai dai IJMB bayan sakandare ake yinta, kuma jarrabawarta ta bai ɗaya ce. Wannan bambancin shi ne tushen duk rigimar: tunda alƙalamin malami ne ke bayar da yunit, dole a tambayi wane ne malamin, wa ya tantance shi, wa yake tsoro.

Tsarin ba sabo ba ne. Jami'ar Connecticut ta fara nata tun 1955, Jami'ar Syracuse ta biyo a 1972. Minesota ce jihar da ta fara mayar da shi doka ga jiha gaba ɗaya a 1985, Washinton ta kafa nata shirin mai suna Running Start a 1990, Ohayo ta buɗe nata mai suna College Credit Plus a 2015 har ga 'yan aji 7, daidai da JSS1. Babu dokar tarayya ɗaya da ta haɗa su. Kowace jiha da nata, kowace kwaleji da yarjejeniyar da ta ƙulla da hukumar ilimin gundumarta.

Su wane ne ke koyarwa

Hoton da ke zuwa wa mutane shi ne yaro ya goya jaka ya tafi harabar jami'a ya zauna cikin manya. Akwai wannan, akwai kuma masu yi ta intanet. Amma wani binciken hukumar ƙididdigar ilimi ta ƙasar ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan ɗalibai a cikin makarantarsu suke ɗaukar darasin. A nan malamin ɗaya ne cikin biyu. Ko dai lakcara ne daga kwaleji da ke tuƙo mota ya zo ya koyar ya koma, ko kuma malamin sakandaren ne da kwaleji ta duba takardunsa ta amince ya koyar da sunanta.

Shi lakcaran da ake turowa, sau da yawa ba cikakken ma'aikaci ba ne. Kusan kashi biyu cikin uku na malaman manyan makarantun Amurka ba su da kujerar dindindin, kuma da yawansu 'yan wucin gadi ne da ake biya kan kowane darasi, zango bayan zango, ba tare da tabbacin za a sake kiransu ba. Wani bincike da ƙungiyar malamai ta AFT ta fitar a 2020 ya gano kusan rabin waɗanda suka amsa ana biyansu ƙasa da dala 3,500 a kan darasi guda, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na dogaro da wani tallafin gwamnati. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a rai, domin duk wata ƙa'ida da za a ambata a ƙasa, a kan wuyan irin wannan mutum take sauka.

Rigimar yunit 18

Kwaleji ba ta da ikon bayar da yunit mai daraja sai hukumar tantancewa ta amince da ita. Ɗaya daga cikin manyan hukumomin, HLC mai ofis a Shikago, wadda yankinta na asali ya ƙunshi jihohi 19, ta fito a 2015 ta fayyace abin da take nufi da ƙwararren malami. Mai koyar da darasin da za a iya kaiwa jami'a sai ya kasance da digiri na biyu a fannin. In digirinsa na biyu a wani fanni ne, sai ya haɗa da yunit 18 na karatun gaba da digiri a fannin da zai koyar. Ta kuma ce babu bambanci tsakanin ajin harabar kwaleji da ajin sakandare.

A takarda maganar ba ta da aibi. A ƙasa kuwa ta girgiza makarantu. Malaman sakandare da yawa suna da digiri na biyu, amma a fannin koyarwa ko tsara manhaja ko shugabancin makaranta, saboda tsarin albashinsu yana ƙara kuɗi ga duk mai digiri na biyu ba tare da damuwa da fannin ba. Sai ga mace ta shekara ashirin tana koyar da kimiyyar sinadarai, ɗalibanta na cin jarrabawa, an ce mata ba ta cancanta ba sai ta koma ta yi darasi shida, kowanne yunit uku, da kuɗinta da lokacinta, kuma babu tabbacin albashinta zai ƙaru da sisi. Wasu suka ce gara su ajiye darasin. Makarantun karkara, inda malamin lissafi ɗaya ne tal, su suka fi shiga uku.

Dokar ta fara aiki a Satumban 2017, amma aka ba masu rajista biyu damar neman ƙarin lokaci zuwa 2022, aka sake ɗagawa, har wa'adin ya kai 2025. Jihohi suka zuba kuɗi: Indiyana da Minesota sun shirya wa malamai darussan gaba da digiri kyauta ko da rangwame, yawanci ta intanet. Daga ƙarshe, a Nuwamban 2023, hukumar ta sassauta. Ta cire adadin 18 ɗin daga ƙa'idarta, ta bar wa kowace kwaleji ta tsara nata ma'auni, tana iya duba takardu, ko ci gaban da mutum ke yi a karatu, ko gogewar aiki.

Masu kula da makarantu sun yi murna. Malaman kwaleji da dama ba su yi ba, kuma ina ganin damuwarsu tana da tushe. Yunit 18 ma'auni ne mai kaushi, ba ya nuna ko mutum ya iya koyarwa, amma aƙalla layi ne da kowa ke gani. Da aka mayar da hukuncin hannun kwalejin da ita kanta ke neman ɗalibai ruwa a jallo, sai mai sayar da kaya ya zama shi ne mai riƙe da mudu. Wasu jihohi da kwalejoji sun ci gaba da riƙe 18 ɗin da kansu. A Kalifoniya kuma ƙa'idar jiha ce ke aiki, wadda ke neman digiri na biyu a fannonin boko zalla. Darussan sana'a, kamar walda da gyaran mota, tun asali gogewa ake dubawa a cikinsu.

Wane ne uban gidan?

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa, kuma nan ne maganar ta fi fitowa fili. Malamin sakandaren da kwaleji ta amince da shi, yawanci albashinsa daga gunduma yake fitowa, ƙungiyarsa ta malaman sakandare ce, shugaban makaranta ne ke rubuta rahoton aikinsa. Amma manhajar da littafin da tsarin bayar da maki na kwaleji ne. Kwalejin ba za ta iya korarsa ba, abin da take iyawa shi ne janye amincewarta. Wasu kwalejojin na ba shi ɗan alawus, wasu ko kwabo.

Lakcaran da aka turo kuwa akasin haka ne. Kwaleji ce ta ɗauke shi, shugaban sashensa ne ke duba aikinsa, amma ƙofar da yake shiga ta wani ce. Shugaban sakandare ba shi da ikon sallamarsa, sai dai in ya ɗaga waya ya ce ba ya son a sake turo masa wane, ga ɗan wucin gadi wannan da kora duk ɗaya ne, domin babu wanda zai rubuta masa takardar tuhuma balle ya kare kansa. Zango mai zuwa kawai ba zai ga sunansa a jadawali ba.

Kalifoniya ta yi ƙoƙarin rubuta amsa a dokar da ake kira AB 288, wadda Gwamna Jerry Brown ya sa wa hannu a 2015. Dokar ta ce yarjejeniyar da ke tsakanin kwaleji da gunduma dole ta faɗi ɓangaren da ke matsayin mai ɗaukar aiki. Dole ta tabbatar cewa lakcaran da ya zo bai raba wani malamin sakandare mai koyar da wannan darasin da aikinsa ba, kuma malamin sakandaren da ke koyar da darasin kwaleji bai raba lakcara da nasa ba. Dole ɓangarorin biyu su mutunta yarjejeniyoyin da suka ƙulla da ƙungiyoyin ƙwadago. Kasancewar an rubuta waɗannan sharuɗɗa cikin doka ya isa ya nuna abin da kowane ɓangare ke tsoro.

Safiyar Litinin a ajin da ba naka ba

A ɗauka ga wata malama 'yar wucin gadi da aka ba darasin rubutu a wata sakandare mai nisan minti arba'in. Ta iso kafin takwas, ta tsaya a ofishin ƙofa ta nuna katin shaida, aka maƙala mata bajon baƙi. Ajin na wani malami ne, hotunansa da littattafansa ne a bango, ita ko durowar ajiye takardu ba ta da ita. A kwaleji darasinta minti 75 ne sau biyu a mako, nan kuma ƙararrawa na bugawa bayan minti hamsin. Tana tsakiyar bayani lasifikar bango ta katse ta da sanarwar wasan ƙwallo. Yara huɗu ba su zo ba, sun tafi gasa da izinin makaranta, kuma suna sa ran za a sake shirya musu gwajin da suka rasa. Ranar Laraba akwai atisayen kulle ƙofofi idan ɗan bindiga ya shigo, ita ce babba ɗaya tilo a ɗakin, kuma babu wanda ya koya mata abin yi.

Kowane abu a cikin wannan hoton tambaya ce ta ƙa'idar aiki. Wa zai biya kuɗin mai da lokacin hanya? Zangon kwaleji mako 15 ne ko 16, shekarar sakandare kuwa kusan kwana 180, to sauran kwanakin da ba ta zuwa wa zai zauna da yaran? Idan hutun kwaleji bai zo daidai da na makaranta ba, wanne za ta bi? Idan ba ta da lafiya, kwaleji sai ta liƙa takarda a ƙofa ta ce babu lakca, amma ba a barin yara masu shekara 16 a aji su kaɗai.

Akwai kuma lissafin awoyi. A ƙarƙashin dokar inshorar lafiya ta zamanin Obama, wanda ke aikin awa 30 a mako yana da haƙƙin inshora daga babban mai ɗaukar aiki. A 2014 hukumar haraji ta ba kwalejoji damar lissafa awa biyu da kwata a kan kowace awa ɗaya ta koyarwa. Shi ya sa kwalejoji da yawa ke ƙayyade darussan da ɗan wucin gadi zai ɗauka, don kada ya kai layin. A Kalifoniya doka ma ta hana shi wuce kashi 67 cikin 100 na nauyin cikakken malami a gunduma ɗaya. Darasin sakandare yana cin gurbi a cikin wannan ƙayyadajjen rabo kamar kowane darasi, alhali wahalarsa ta fi. Inda ƙungiya ke da ƙarfi, an samu an rubuta kuɗin hanya da alawus da 'yancin ƙin karɓar darasin. Inda babu, malama ta karɓa ko ta bari.

Yaro ne, ko ɗalibin kwaleji?

Dokar sirrin bayanan ɗalibai ta 1974, FERPA, ta ce haƙƙin ganin sakamako yana komawa hannun ɗalibi idan ya cika 18, ko kuma idan ya shiga babbar makaranta ko shekararsa nawa. Ke nan a darasin kwaleji, yarinya 'yar 16 ita ce mai haƙƙi. Dokar ta bar wasu ƙofofi: makarantun biyu na iya musayar bayani, iyaye na iya ganin abin da ya iso hannun sakandare, kwaleji ma na iya sanar da su in yaron na ƙarƙashin kulawarsu a takardar haraji. Duk da haka kwalejoji da yawa na umartar malamansu kada su tattauna maki da iyaye sai ɗalibi ya sa hannu. Uban da ya saba a kira shi in ɗansa ya yi fashi sau biyu, sai ya ga malamin ya ƙi amsa masa, ya ɗauka raini ne, alhali mutumin aikinsa yake karewa.

Haka abin yake ga masu buƙata ta musamman. A sakandare doka ta yarda a sauƙaƙa wa yaro abin da za a koya masa. A kwaleji ana iya ba shi ƙarin lokacin jarrabawa ko mai taimaka masa da rubutu, amma ba a rage nauyin darasin, kuma shi ne zai nema da kansa.

Ta fuskar kare yara kuwa, an fi karkata ga dokar sakandare, kuma daidai ne. Bayan abin kunyar cin zarafin yara da ya fallasa a Jami'ar Penn State a 2011, jihohi da dama sun tsaurara. A Fensilbeniya, malamin da ke hulɗa da 'yan sakandare yana buƙatar takardun wanke kai uku: daga 'yan sandan jiha, daga rajistar masu cin zarafin yara, da binciken zanen yatsu na FBI, kuma ana sabuntawa duk shekara biyar. Dokar Kalifoniya ta hana wanda aka taɓa samu da laifin lalata ko na miyagun ƙwayoyi koyarwa a harabar sakandare. A wurare da yawa kuma wajibi ne malami ya kai rahoto in ya ga alamar ana cutar da yaro. Malamar rubutu ta fi kowa cin karo da wannan, domin yara kan zuba abin da ke damunsu a cikin insha'i.

Sai batun abin da za a karanta. Ƙa'idar da kusan kowa ya amince da ita a takarda ita ce darasin kwaleji darasin kwaleji ne, ba a tace shi don shekarun ɗalibi. Ohayo ma tana sa iyaye da yara su sa hannu a takardar da ke gargaɗin cewa za a iya cin karo da batutuwan manya. Amma a garin Hudson na jihar, a Satumban 2021, magajin gari ya tsaya gaban kwamitin makarantu ya ce su sauka ko a gurfanar da su, saboda wani littafin atisayen rubutu da aka yi amfani da shi a ajin rajista biyu. Mai gabatar da ƙara ya ce babu laifi, amma an riga an janye littafin. Farfesa mai kujerar dindindin zai iya tsayawa kan manhajarsa. Wanda kwantiraginsa zai ƙare nan da wata uku, da kansa zai cire abin da zai jawo magana kafin ma a ce masa ya cire.

Inda kuɗin yake

Rajistar manya a kwalejojin al'umma ta ragu sosai tun bayan 2010, annobar korona ta ƙara dagula ta. 'Yan sakandare ne suka cike gurbin. A Teksas, dokar 2023 ta sa jiha na biyan kwaleji idan ɗan sakandare ya kammala yunit 15. Darasin da malamin gunduma ya koyar a ajin gunduma da albashin gunduma shi ne mafi araha ga kwaleji. Lakcarori na ganin darussan shekarar farko, waɗanda su ne abincin 'yan wucin gadi, suna ƙaura zuwa sakandare. Malaman sakandare kuma na ganin haziƙan ɗalibansu na ficewa daga azuzuwansu, abin da kan kai ga rage ma'aikata.

Masu goyon baya suna da hujja mai ƙarfi: bincike da dama sun nuna yaran da suka bi wannan hanya sun fi shiga kwaleji kuma sun fi kammalawa, ciki har da 'ya'yan talakawa. Akwai ma ƙungiyar NACEP, da aka kafa a 1999, da ke tantance shirye-shiryen da suka cika sharuɗɗa: a naɗa lakcara daga sashen ya zama mai bibiya, ya riƙa ziyartar aji, a horar da malami duk shekara, a gwada jarrabawar nan da ta can. Wannan bibiyar ma aiki ne, kuma ba ko'ina ake biyan mai yinta ba. Shiga ƙungiyar ba dole ba ne a yawancin jihohi.

Rabon damar ma bai daidaita ba. Baƙaƙen fata kusan kashi 15 cikin 100 ne na ɗaliban makarantun gwamnati, amma kusan kashi 8 ne a rajista biyu. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne makarantun unguwannin marasa galihu ba su da malamai masu takardun da ake nema, kuma ba kowane lakcara ne ke son zuwa can a kan wannan ɗan kuɗi ba.

Abin da ya shafi iyaye

Ga 'yan uwanmu da ke da yara a makarantun New York ko wasu biranen Amurka, abu mafi muhimmanci shi ne makin nan ba ya gogewa. Ya shiga takardar sakamakon kwaleji, zai bi yaro duk inda ya nemi gurbi, kuma faɗuwa ko janyewa a makare na iya taɓa cancantarsa ta samun tallafin karatu daga baya. Ba kowace jami'a ce ke karɓar yunit ɗin ba, wasu masu zaman kansu ma ba sa karɓar wanda aka koyar a cikin sakandare.

Kafin uba ko uwa su sa hannu, su tambayi mai ba ɗalibai shawara a makarantar: wane ne zai koyar, ma'aikacin kwaleji ne ko na gunduma? Wace rana ce ta ƙarshe da yaro zai iya janyewa ba tare da tabo a takardarsa ba? In an samu saɓani kan maki, ofishin wa za a je? Su kuma nemi takardar izinin ganin sakamako, yaron ya sa mata hannu tun makon farko.